Thomas Sankara: kyaftin ɗin da ya kai allura ƙauye, da rigimar wa zai biya kuɗin magani

A 'yan shekarun nan, duk inda aka zauna a Kamsaoghin, ko a ƙofar masallaci bayan la'asar ko a teburin mai shayi, in hira ta biyo ta kan inshorar lafiya ta RAMU, ba a jimawa sai wani ya jefo sunan Thomas Sankara. Mai goyon bayan a karɓi kuɗi a hannun kowa a zuba a asusu ɗaya yana kafa hujja da shi. Mai cewa magani haƙƙi ne a wuyan gwamnati, kada a nemi ko dala a wurin talaka, shi ma da shi yake kafa hujja. Da yawa daga cikin masu gardamar nan ba a ma haife su ba lokacin da aka kashe mutumin. To bari mu koma mu duba shi kansa, da abin da ya yi wa sha'anin lafiya cikin shekara 4 da wata 2 da ya riƙe ƙasar nan, da abin da ya gagare shi.

An haife shi a Yako ranar 21 ga Disamba 1949, shi ne na uku a cikin 'ya'ya goma. Mahaifinsa, Joseph Sankara, Silmi-Mossi ne, wato waɗanda jininsu ya haɗa Fulani da Mossi, kuma daga gidan Musulmi ya fito. A yaƙin duniya na biyu, inda ya yi wa Faransa soja har aka kama shi fursuna, ya koma Katolika. Mahaifiyarsa, Marguerite Kinda, Bamossiya ce. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, bayan yaƙi Joseph ya zama malamin asibiti a cikin jandarmomi, ana yi masa canjin wurin aiki daga wannan gari zuwa wancan. A Gaoua, ƙasar Lobi, Thomas ya yi ƙuruciya da makarantar firamare, a gidan da warin magani da layin marasa lafiya ba baƙon abu ba ne. Limaman coci sun so ya shiga makarantar fada-fada, shi kuwa ya zaɓi lise Ouezzin Coulibaly ta Bobo. Masu rubuta tarihinsa sun ce burinsa na farko shi ne ya zama likita, amma karatun likita sai mai hali ko mai ƙafa, makarantar soja kuwa tana ɗaukar nauyin ɗalibi. A 1966 ya shiga makarantar soja ta Kadiogo nan Wagadugu.

Daga nan aka tura shi Antsirabe a Madagaska, inda ya ga boren ɗalibai da ma'aikata na 1972 da idonsa, ya ga yadda jama'a suka tunkuɗe gwamnati. Ya dawo gida ya yi suna a yaƙin iyaka da Mali a 1974, yaƙin da daga baya shi da kansa ya ɗauke shi aikin banza. A 1976 aka ba shi jagorancin sansanin horar da kwamandoji na Po. A Maroko, wajen wani kwas a 1978, abotarsa da Blaise Compaoré ta yi ƙarfi, abotar da ta kai Blaise ya zama kamar ɗan gida wurin iyayen Sankara. Ya auri Mariam Sermé a 1979, suka haifi maza biyu, Philippe da Auguste. Yana kaɗa gita, yana son babur da keke.

Shigarsa siyasa ta zo da sauri. A Satumba 1981 Kanar Saye Zerbo ya ba shi muƙamin sakataren gwamnati mai kula da watsa labarai, ya riƙa zuwa ofis a kan keke, a Afrilu 1982 ya ajiye aikin a bainar jama'a don ƙin yadda ake toshe bakin mutane. A Nuwamba na wannan shekara aka yi wani juyin mulkin, mulki ya faɗa hannun Jean-Baptiste Ouédraogo, wanda abin mamaki likitan soja ne, likitan yara ma. Shi ya naɗa Sankara firaminista a Janairu 1983, a zamaninsa kuma aka kama shi ranar 17 ga Mayu. Matasan Wagadugu suka fito kan titi, Blaise ya tsere Po ya shirya kwamandoji, ranar 4 ga Agusta 1983 suka shigo gari. Ɗan malamin asibiti mai shekara 33 ya karɓi mulki daga hannun likita. Likitan ya yi kimanin shekara biyu a tsare a Po, kuma shekaru bayan haka ya buɗe asibitinsa na kuɗi a Somgandé.

Ƙasar da Sankara ya gada, shi da kansa ya zayyana ta a gaban Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 4 ga Oktoba 1984, wata biyu bayan ya sauya mata suna daga Haute-Volta zuwa Burkina Faso. Mutum miliyan 7, sama da miliyan 6 manoma ne. A cikin jarirai 1,000 da aka haifa, kimanin 180 ba sa cika shekara. Tsawon rai bai wuce shekara 40 ba a ƙiyasi. Likita ɗaya ga mutum 50,000, kuma mai karatu ya san inda likitocin suke, Wagadugu da Bobo. Makarantar koyon likita ta jami'ar Wagadugu ma sai a farkon shekarun 1980 aka buɗe ta, kafin nan sai an je Dakar ko Abijan ko Turai. Ga fari ya sake dawowa. Dattawan mata a zango ba sa buƙatar a karanta musu waɗannan lambobi. Sun san shekarar da ƙyanda ta shigo gida ta ɗauki yara biyu ko uku kafin ta fita, sun san yadda sanƙarau ke zuwa da iskar hunturu ya kai har tsakiyar bazara, yaro ya kwanta da ciwon kai da safe, kafin kwana biyu wuya ya sandare.

Tunanin kai lafiya ƙauye ba Sankara ne ya ƙirƙiro shi ba. A Satumba 1978, a taron Alma-Ata, ƙasashen duniya tare da OMS da UNICEF sun amince a fifita lafiyar matakin farko, da burin kowa ya samu kulawa kafin shekarar 2000. Haute-Volta ta sa hannu, ta rubuta tsare-tsare, takardu suka kwanta a durowa. Abin da Sankara ya kawo shi ne gaggawa, da kuma wata ƙungiya da ke da reshe a kowane ƙauye da kowace unguwa, wato kwamitocin kare juyin juya hali, CDR.

Da su aka yi aikin da har yau ake tunawa, rigakafin kwamando. Ƙwararrun ƙasashen waje sun ba da shawarar a fara da yanki ɗaya ko biyu, a gwada, a ga yadda za ta kasance. Gwamnati ta ce a'a, ƙasa duka za a yi, kuma cikin mako biyu. Daga 25 ga Nuwamba zuwa 10 ga Disamba 1984 aka yi wa yara allurar cututtuka uku, ƙyanda da sanƙarau da shawara. Ministan lafiya a lokacin shi ne Abdoul Salam Kaboré, soja ne masanin haɗa magunguna. Lokacin da aka zaɓa akwai hikima a ciki: an gama girbi, hanyoyi sun bushe mota na iya shiga, kuma sanƙarau bai fara ba tukuna. Rediyo ya yi ta shela da harsunan ƙasa, 'yan CDR suka bi gida-gida suna ƙirga yara, aka tattara motoci da ma'aikata, UNICEF da wasu ƙasashe abokai suka taimaka da allurai da kayan sanyi. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, domin allurar ƙyanda in ta sha zafi ta mutu, sai a yi wa yaro ruwa kawai a ce an yi masa rigakafi. Kai ta ƙauyen da babu lantarki tana da ranta, shi ne rabin yaƙin.

Iyaye mata suka fito, suka yi dogayen layuka tun asuba da goyo a baya. Yaran da aka yi wa allura sun haura miliyan 2, har da 'ya'yan maƙwabta da iyayensu suka tsallako iyaka da su, kuma ba a kore su ba. Babu wanda aka nemi ko dala a hannunsa. Hukumomin lafiya na duniya sun yaba, kuma annobar da aka saba gani a watannin da suka biyo baya ta yi sauƙi ƙwarai. Duk wanda ya tuna yadda jihar Kano ta dakatar da allurar shan inna a 2003, aka shafe kusan shekara ana ja-in-ja saboda jama'a ba su yarda da masu kawo ta ba, zai gane cewa abu mafi wuya da aka samu a 1984 shi ne yardar uwa ta miƙa hannun ɗanta. A ganina, in da wannan kaɗai Sankara ya yi, ya isa a riƙa ambatonsa. Akwai mutane masu shekara arba'in da 'yan kai a kasuwar Rood Woko yau waɗanda ba don makonnin nan biyu ba, da ba su kai ga yaye ƙannensu ba.

Sai dai rigakafin kwamando kamar gayya ce. Ana yin ta rana ɗaya a ci tuwo a watse, gona kuwa kullum tana son hannu. Jaririn da aka haifa a 1985 bai san an yi wani gangami bara ba, shi ma sai an yi masa tasa allurar. Wannan ne ya kai gwamnati ga shiri na biyu, wanda ya fi na farko girma kuma ya fi shi rauni: kowane ƙauye ya samu ɗakin shan magani nasa. Daga 1985 aka shiga aikin. Mutanen ƙauye su za su buga tubali su gina ɗakin, su zaɓi mutum biyu daga cikinsu, namiji mai kula da lafiya da mace ungozoma, a ba su horo na 'yan makonni, a ba su akwatin magani mai ɗauke da abubuwa irin su kulorokin da asfirin da kayan wanke ciwo. Cikin ɗan lokaci aka samu irin waɗannan ɗakuna sama da 7,000, kusan adadin ƙauyukan ƙasar.

A nan ne ya kamata masu gardamar zango su tsaya su saurara da kyau. Maganin da ke cikin akwatin nan ba kyauta ake rabawa ba har abada. An tsara a sayar da shi da rahusa, a tara kuɗin a sake cika akwati. Mai kula da ɗakin ba ma'aikacin gwamnati ba ne, ba ya da albashi, ƙauye ne zai san yadda zai saka masa, ko da hatsi ko da taya shi noma. Inda ƙauye ya haɗa kai, abin ya yi aiki. Inda aka ba da magani bashi ga dangi da surukai, akwati ya ƙare bai sake cika ba. Inda damina ta zo mai kula da ɗakin ya ga babu mai nome masa gona, ya rufe ƙofa ya ɗauki fartanya. Masu zuwa duba aikin daga gari ba su da man babur. Kafin a yi nisa da rasuwar Sankara, yawancin ɗakunan nan sun zama kango ko rumbun ajiya. Wasu suna ɗora laifin duka a kan waɗanda suka gaje shi, amma tsagewar bangon ta fara tun yana da rai, domin an gina ɗaki kafin a san wa zai ciyar da mai tsaronsa.

A birni ma ba a daina rubuta wa majiyyaci takardar magani ya je ya saya ba. Abin da gwamnati ta yi shi ne ƙoƙarin karya farashi, ta kafa kamfanin SONAPHARM don shigo da magunguna, ta ƙarfafa buɗe ƙananan kantunan magani na jama'a a larduna. Saboda haka mai cewa a zamanin Sankara asibiti kyauta ne daga ƙofa har gado, ya ƙara gishiri. Haka kuma ana yawan ba shi ladan kawar da makantar bakin kogi, alhali shirin yaƙi da baƙin ƙudan da ke kawo ta, wanda hedkwatarsa take nan Wagadugu a wancan lokacin, tun 1974 aka kafa shi, shekara tara kafin ya hau mulki. Ya goyi bayan shirin, amma ba shi ya dasa shi ba.

Akwai abubuwan da nasa ne ba gardama. Ya fito fili ya soki kaciyar mata da auren dole a lokacin da shugabanni ke kauce wa maganar. A 1986 gwamnatinsa ta soke haramcin da dokar Faransa ta 1920 ta ɗora wa hanyoyin tazarar haihuwa. Ba ta ɓoye shigowar cutar sida ba lokacin da ƙasashe da yawa ke musun akwai ta. Ya sa ma'aikata motsa jiki a kowane mako, ya sa unguwanni share kwata da kwashe shara, ya matsa a haƙa rijiyoyi da madatsun ruwa, domin ya fahimci cewa gudawar da ke kashe yara daga randa take farawa. Wasu daga cikin waɗannan matakai ba su yi wa malamai da dattawa daɗi ba, na masallaci da na coci da na gargajiya duka, kuma shi ba mutum ba ne mai zama ya lallashi dattijo.

To ina kuɗin ya fito? Wannan ita ce tambayar da ta fi dacewa da rigimar yau. Sankara ya soke harajin kai da ke wuyan talakan ƙauye tun zamanin Turawa, ya juya ya matse masu albashi. An sayar da motocin Mercedes na gwamnati, ministoci suka koma Renault 5. An yanke alawus-alawus. An sa manyan ma'aikata su bar albashin wata guda a shekara, na ƙasa da su rabin wata, don ayyukan raya ƙasa. A 1985 ya soke biyan kuɗin hayar gidajen kwana na shekara guda, abin da ya faranta ran 'yan haya ya ƙona ran masu gidaje, kuma a tsofaffin unguwannin tsakiyar gari irin namu, masu gidajen nan sau da yawa alhazai ne da zawarawa da ke ci daga hayar ɗaki biyu ko uku. Manufarsa a bayyane take: ɗan birni mai albashi ya ɗauki nauyin ɗan ƙauye. Wanda ke son ya jingina inshorar dole da Sankara yana da abin riƙewa a nan. Amma ya sani cewa Sankara daga sama ya fara yanka, kuma ya fara da kansa. Da ya mutu, abin da ya bari bai wuce tsohuwar mota da kekuna da gita da gidan da bai gama biyan bashinsa ba.

Matsin ya zo da tsada. A Maris 1984 malaman firamare suka yi yajin aiki, aka kori sama da 1,300 a tashi ɗaya, aka maye gurbinsu da matasan da aka yi wa horon 'yan kwanaki. A Yuni na shekarar aka harbe mutum bakwai bisa zargin shirya juyin mulki. Kotunan jama'a sun gurfanar da tsofaffin shugabanni ana watsawa a rediyo, wanda ake tuhuma shi zai kare kansa ba lauya, ko da yake Janar Sangoulé Lamizana, wanda aka fara da shi a Janairu 1984, an wanke shi. An raba Wagadugu zuwa sekta 30, ikon masu unguwanni da sarakuna ya koma hannun samarin CDR masu bindiga, kuma 'yan CDR ɗin da suka ƙirga yara don allura, a cikinsu ne aka samu masu cin zalin mutane da dare. An rushe Bilibambili aka gina Cité An III, an rushe babbar kasuwa a 1985 aka kwashe 'yan kasuwa zuwa bayan gari. Mutanen Zangouettin da Tiedpalogo da Kamsaoghin da suka ga katafilar ZACA a 2003 sun san cewa wannan salon gyaran gari da rusau ya girmi ZACA. Zuwa 1987 ƙungiyoyin ƙwadago sun juya masa baya, shugabanninsu na shiga kurkuku suna fita. Shi da kansa ya fara cewa a sassauta, a daina tilasta wa mutane abin da ba a gamsar da su ba, har ya nemi a mayar da korarrun malamai. Ya makara.

Ranar 29 ga Yuli 1987, a taron ƙungiyar haɗin kan Afirka a Addis Ababa, ya roƙi takwarorinsa su haɗa baki su ƙi biyan bashin ƙasashen waje, yana mai nuna cewa kuɗin da ke tafiya biyan bashi shi ne kuɗin magani da makaranta, kuma in Burkina ta ƙi biya ita kaɗai ba zai ga taro na gaba ba. An yi dariya, an tafa, ba wanda ya bi shi. A Satumba, ministocin lafiya na Afirka suka taru a Bamako tare da OMS da UNICEF, suka amince da tsarin da aka sani da shirin Bamako: majiyyaci ya biya kuɗin magani a ƙaramin asibiti, kwamitin unguwa ya riƙe kuɗin ya sake sayo magani. In aka duba da kyau, ɗan'uwan akwatin ƙauyen Sankara ne, sai dai wannan karon ya zo a lokacin da gwamnatoci ke janye hannunsu.

Wata guda bayan haka, ranar Alhamis 15 ga Oktoba 1987 da yamma, yana taro da mataimakansa a Conseil de l'Entente sanye da kayan motsa jiki, sojoji suka buɗe wuta. Ya fito hannu a sama, aka harbe shi tare da mutum 12. Cikin dare aka sa fursunoni suka tona ramuka a maƙabartar Dagnoën aka turbuɗe su. Blaise Compaoré ya hau mulki, ya yi shekara 27. Takardar shaidar mutuwar da aka ba matarsa, wadda likitan soja ya sa wa hannu, ta ce mutuwar Allah da Annabi ya yi. Sai a 2015, bayan an kori Blaise, aka tono gawar, bincike ya nuna harsasai fiye da goma sun shige ta. Shari'a ta fara a Oktoba 2021, ranar 6 ga Afrilu 2022 kotun soja ta yanke wa Blaise Compaoré da Hyacinthe Kafando, waɗanda ba su halarta ba, da Gilbert Diendéré ɗaurin rai da rai. A Fabrairu 2023 aka sake binne shi da abokansa a wurin da aka kashe su.

Abin da ya biyo bayansa a asibitoci, manya sun gan shi. A 1991 aka sa hannu da FMI kan tsuke bakin aljihu. A 1992 aka kafa CAMEG don sayo magunguna masu rahusa, daga 1993 tsarin Bamako ya shiga CSPS-CSPS, kowace da kwamitinta da kantin maganinta. Magani ya samu a kan kanta, wannan gaskiya ne, amma a Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, farashin duk abin da ake shigowa da shi ya tashi. An yi alkawarin za a yafe wa marasa hali, ba a cika ba sai nadiran. Mace na naƙuda miji na yawon neman rance, wannan ya zama abin da aka saba. A 1996 sanƙarau ya kama sama da mutum 40,000 a ƙasar nan, ya kashe kimanin 4,000.

Daga nan aka fara dawowa a hankali. Wajen 2006 zuwa 2007 gwamnati ta ɗauki kashi 80 cikin 100 na kuɗin haihuwa, haihuwa lafiya ta koma sefa 900, wato dala 180, fiɗa kuma jaka 11. A Disamba 2010 Burkina ce ƙasar farko da aka yi gangamin sabuwar allurar sanƙarau ta MenAfriVac, gangamin da ya tuna wa tsofaffi da na 1984. A Satumba 2015 majalisar riƙon ƙwarya ta zartar da dokar RAMU, a 2016 gwamnatin Roch Marc Christian Kaboré ta mayar da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 da mata masu ciki kyauta, a 2018 aka kafa asusun CNAMU. Kyautar 2016 ta cika asibitoci da iyaye mata, ta kuma nuna ciwon da ya kashe ɗakunan ƙauye: in baitulmali ya yi jinkirin biyan CSPS, CSPS ta kasa biyan CAMEG, kanta ta bushe, uwa ta fito da takarda a hannu ta nufi kantin magani na kuɗi. Ga kuma ɗaruruwan asibitoci da rashin tsaro ya rufe a arewa da gabas, a daidai ƙauyukan da aka buga tubali a 1985.

Tsarin RAMU ya tanadi mai albashi ya ba da kashi 5 cikin 100, rabi daga aljihunsa rabi daga mai ba shi aiki, asusu ya biya kashi 70 na jinya, majiyyaci ya cika 30. Mai albashi dai ba shi da wurin ɓuya, tun kafin kuɗin ya iso hannunsa an cire. Mutanen zango kuwa, mahauta da masu goro da teloli da dillalan shanu da mata masu tuwo, ba su da takardar albashi, an yanka musu jaka 4 a wata, su kai da ƙafarsu. Ga mai shago a Rood Woko wannan ba komai ba ne, ga mai tallan ƙosai kuwa ribar kwanaki ce. Wasu malamai na da tambaya a kan halaccin inshora, wasu na ganin wannan taimakekeniya ce irin ta adashe da gudummawar da ake tarawa a masallaci in an kwantar da wani a Yalgado. Dokar ta ce gwamnati ce za ta biya wa marasa hali, amma sai an fara tantance waye marar hali, kuma a unguwar da mutum zai gwammace ya kwana da yunwa da a rubuta sunansa a takardar matalauta, wannan tantancewar ba aikin wata ɗaya ba ce.